Laburaren jama'a a ƙananan garuruwan Amurka

Laburaren jama'a na ƙaramin gari ɗakin karatu ne da mutanen gari suke ɗaukar nauyinsa da harajinsu, kuma kowa yana da ikon shiga ya yi karatu ko ya ari littafi ba tare da ya biya ko sisi ba. A ƙasar Amurka akwai hukumomin laburaren jama'a kusan 9,000, waɗanda suke gudanar da manyan ɗakunan karatu da rassa da motocin littattafai kimanin 17,000. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan hukumomi, al'ummar da suke yi wa hidima ba ta kai mutum 25,000 ba. Wato mafi yawan ɗakunan karatun ƙasar na ƙananan garuruwa ne da karkara.

Ba da aron littafi ɓangare ɗaya ne kawai na aikin irin wannan laburare. Yana shirya zaman labari domin ƙananan yara da shirin karatu a lokacin dogon hutun makaranta, yana samar da kwamfuta da intanet kyauta, yana taimaka wa manya wajen neman aiki da cike takardun gwamnati, yana kuma ba ƙungiyoyin gari ɗakin taro. A garuruwa da yawa shi kaɗai ne ginin da mutum zai shiga ya daɗe a zaune ba tare da an sa ran zai sayi wani abu ba. Da yake kusan duk kuɗinsa daga cikin gari suke fitowa, ɗorewarsa ta dogara ne ga yardar mutanen garin a lokacin ƙuri'a.

Tarihi

Farkon kafuwa

Kafin ƙarni na 19, yawancin ɗakunan karatu a Amurka na ƙungiyoyi ne. Mutane sukan haɗa kuɗi su sayi littattafai, wanda ya biya kuɗin shiga shi yake da ikon aro. Sauyi zuwa laburaren da haraji yake riƙewa ya faro ne daga ƙananan garuruwan arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira New England.

A shekarar 1803 wani mai sayar da littattafai a Boston, Caleb Bingham, ya aika wa garin haihuwarsa, Salisbury a jihar Connecticut, kyautar littattafai 150 domin yara 'yan shekara 9 zuwa 16. A shekarar 1810 taron mutanen garin ya amince a fitar da dala 100 daga asusun gari domin ƙaro littattafai. Ana lissafa wannan cikin lokutan farko da wani gari a Amurka ya kashe kuɗin jama'a a kan laburare, kuma laburaren na yara ne.

Ranar 9 ga Afrilu, 1833, taron garin Peterborough a jihar New Hampshire ya yanke shawarar kafa laburare na kowa da kowa, bisa shawarar wani limamin coci mai suna Abiel Abbot. An sayi littattafan farko, kimanin 100, da wani kaso na kuɗin ilimi da jihar ta raba wa garuruwanta daga harajin bankuna. A lokacin laburaren ba shi da gini. An ajiye littattafan ne a wani kanti da gidan waya yake ciki, shugaban gidan wayan kuma shi ne mai ba da aro. Sai a shekarar 1893 ya samu ginin kansa, wanda injiniyan gada George S. Morison ya tsara. Ana ɗaukarsa a matsayin laburaren jama'a na kyauta mafi daɗewa da haraji yake riƙewa a Amurka, kuma har yanzu yana aiki a garin da mutanensa ba su kai 7,000 ba. A shekarar 1849 New Hampshire ta zama jiha ta farko da ta yi dokar da ta ba kowane gari izinin karɓar haraji domin laburare.

Ƙungiyoyin mata da kyautar Carnegie

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, ƙungiyoyin mata ne suka fara kafa ɗakunan karatu a garuruwa masu yawa. Sukan tattara littattafai gida-gida, su kama hayar ɗaki a saman kanti ko su nemi wuri a ofishin gari, su riƙa buɗewa na 'yan sa'o'i a mako, daga baya su matsa wa hukumar gari ta karɓi ragamar.

Attajirin masana'antar ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu 2,509 a ƙasashe daban-daban tsakanin 1883 da 1929, sama da 1,600 daga ciki a Amurka. Yawancinsu a ƙananan garuruwa aka gina su, kuma jihar Indiana ta fi kowace jiha samu. Kyautar tana da sharaɗi: gari zai samar da fili, zai buɗe wa kowa kyauta, zai kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara domin gudanarwa. Garin da aka ba dala 10,000 ke nan dole ya riƙa fitar da dala 1,000 duk shekara. Wannan sharaɗi ya taimaka wajen kafa al'adar cewa laburare nauyi ne na masu biyan haraji a gari.

Kai littafi karkara

Manoman da ke nesa da gari ba sa iya zuwa laburare a kai a kai. A shekarar 1905 Mary Lemist Titcomb, shugabar laburaren gundumar Washington da ke Hagerstown a jihar Maryland, ta sa aka ƙera keken doki mai kantoci, wanda yake zagaya gonaki da littattafai. Jirgin ƙasa ya buge keken a shekarar 1910, sai aka maye gurbinsa da mota a 1912. Daga irin wannan ne motocin littattafai suka yaɗu.

A lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, gwamnatin tarayya ta ɗauki mata aikin kai littattafai a kan dawaki da alfadarai cikin duwatsun gabashin Kentucky, inda babu hanyar mota. Shirin ya gudana daga 1935 zuwa 1943, ana biyan kowace ma'aikaciya dala 28 a wata. Littattafan kyauta ce daga jama'a, idan sun tsufa kuma sai a yanke hotuna da shafukan da suka rage a manna su a haɗa sabon kundi. A shekarar 1956 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar farko ta ba da tallafin tarayya ga ɗakunan karatun jama'a, kuma ta keɓe tallafin ne ga yankunan da ba su kai mutum 10,000 ba.

Wariyar launin fata

Kalmar "kowa" ba ta haɗa da kowa ba a jihohin kudu har zuwa shekarun 1960. An hana baƙaƙen fata shiga ɗakunan karatu da yawa duk da cewa suna biyan haraji. A yankin Clinton, wani ƙaramin gari a jihar Louisiana, hukumar laburare tana da motocin littattafai biyu, ja domin farare, shuɗiya domin baƙaƙe. A watan Maris na 1964 Henry Brown da wasu baƙaƙen fata huɗu suka shiga laburaren garin, suka nemi littafi, suka ƙi fita ba tare da sun ta da hankalin kowa ba. An kama su aka yanke musu hukunci. A shekarar 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, ta nuna cewa hukuma ba ta da ikon nuna bambanci a wurin da yake na jama'a.

Gudanarwa da kuɗi

Galibi kwamitin amintattu ne yake kula da laburaren ƙaramin gari. A wasu wurare zaɓensu ake yi, a wasu kuma hukumar gari ce take naɗa su, kuma yawanci ba a biyan su albashi. Kwamitin yana ɗaukar shugaban laburare aiki, yana amincewa da kasafin kuɗi, yana kuma tsara ƙa'idojin aro da na amfani da ɗakin taro.

Sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin ɗakunan karatun jama'a a Amurka daga ƙananan hukumomi suke fitowa, musamman daga harajin gidaje da filaye. Jihohi suna ƙara wani abu. Abin da yake zuwa kai tsaye daga gwamnatin tarayya yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma yana da tasiri a ƙananan garuruwa, domin da shi jihohi suke biyan abubuwan da ƙaramin laburare ba zai iya saya shi kaɗai ba, kamar rumbunan bayanai na intanet, horar da ma'aikata, da motar da take kai littattafai daga wannan laburare zuwa wancan. Hukumar tarayya mai raba wannan tallafi ita ce IMLS, wadda aka kafa a shekarar 1996.

Ma'aikata kaɗan ne. A wasu garuruwa mutum ɗaya ne yake zaɓen littattafan da za a saya, ya karanta wa yara labari, ya gyara firinta, ya rubuta takardar neman tallafi. Manyan ɗakunan karatu sukan nemi mai digiri na biyu a ilimin laburare, amma ƙananan da yawa ba su da kuɗin ɗaukar irinsa, sai jiha ta horar da wanda yake wurin. 'Yan sa-kai suna cike giɓi. A garuruwa da dama akwai ƙungiyar abokan laburare, wadda take sayar da tsofaffin littattafai sau ɗaya ko biyu a shekara, ta yi amfani da kuɗin wajen sayen kyaututtuka da kayan aikin yara.

Ayyukan yara

Buɗe wa yara ƙofa

Duk da misalin Salisbury, ɗakunan karatu da yawa a ƙarni na 19 ba sa barin yaron da bai kai shekara 12 ko 14 ba ya shiga. Wasu ma'aikata mata ne suka canza wannan. Minerva Sanders a Pawtucket, jihar Rhode Island, ta keɓe wa yara wuri da ƙananan kujeru tun a ƙarshen shekarun 1870. Caroline Hewins ta Hartford ta wallafa jerin littattafan da suka dace da yara a shekarar 1882. Laburaren Brookline a Massachusetts ya buɗe ɗakin karatun yara a 1890. Anne Carroll Moore, wadda ta fara wannan aiki a Brooklyn a 1896 kafin ta koma laburaren birnin New York a 1906, ta yaɗa tsarin da ake bi har yau: gajerun kantoci da hannun yaro zai kai, hotuna a bango, da ba yaro damar aron littafi da sunansa. Ƙananan garuruwa suka kwaikwayi tsarin, ko da kuwa lungu ɗaya ne kawai za su iya keɓewa.

Zaman labari

Zaman labari shi ne shirin yara da ya fi yaɗuwa. An fara shi a ƙarshen shekarun 1890 domin yaran da suka shiga makaranta, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa waɗanda ba su isa shiga ba, har da jarirai. A yau akan yi shi sau ɗaya ko biyu a mako, na kimanin rabin sa'a, kuma akan raba yara gida uku: jarirai da suke zama a cinyar iyaye, 'yan shekara 2 zuwa 3, da 'yan shekara 3 zuwa 5. Mai karatu yakan riƙe littafin hotuna yana fuskantar yaran, ya karanta da ƙarfi, ya tsaya ya tambaye su abin da suke gani. Tsakanin littafi da littafi a yi waƙa da tafi da wasan yatsu, wani lokaci a kawo 'yar tsana. A ƙarshe yaran su yi zane ko yanke-yanken takarda.

Manufar zaman ita ce shirya yaro domin koyon karatu. A shekarar 2004 wasu rassa biyu na Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka suka fito da tsarin da ake kira Every Child Ready to Read, aka sabunta shi a 2011. Sabon tsarin ya tsaya a kan abubuwa biyar da ake son iyaye su riƙa yi da yaro kullum: magana, waƙa, karatu, rubutu da wasa. Kowanne yana da dalili ta fuskar harshe. Waƙa tana rage saurin magana, tana kuma rarrabe gaɓoɓin kalma, sai yaro ya ji cewa kalma haɗuwar ƙananan sautuka ce. Amsa-amo yana nuna masa kalmomin da ƙarshensu ya yi kama. Wannan fahimtar sauti ita ce ginshiƙin haɗa harafi da sautinsa idan ya shiga makaranta. Littattafan hotuna kuma suna ɗauke da kalmomin da ba a cika amfani da su a hirar gida ba, suna kuma koya wa yaro yadda ake riƙe littafi da inda rubutu yake farawa. Saboda haka ma'aikacin laburare yakan juya ga iyaye a tsakiyar zaman ya gaya musu amfanin abin da ake yi, domin su ci gaba a gida.

A garuruwan da baƙi suka yawaita, musamman masu aiki a gonaki da masana'antar nama, akan yi zaman labari da harsuna biyu, galibi Ingilishi da Sifaniyanci. Ana ƙarfafa wa iyaye gwiwa su karanta wa 'ya'yansu da harshen da suka fi iyawa. Ɗakunan karatu da yawa suna bikin ranar 30 ga Afrilu a matsayin ranar yara da littattafai, wadda marubuciya Pat Mora ta ƙirƙiro a shekarar 1996.

Karatun dogon hutu

Makarantun Amurka suna dogon hutu a lokacin zafi, daga wajen Yuni zuwa Agusta. Tun a shekarun 1890 ɗakunan karatu a birane irin su Cleveland da Hartford suka fara shirya wa yara karatu a wannan lokaci, kuma a yau kusan kowane laburaren jama'a yana da irin shirin. Yaro yakan yi rajista a ba shi takarda, ya riƙa rubuta littattafan da ya karanta ko mintocin da ya yi yana karatu. Idan ya kai wani mataki a ba shi kyauta, kamar littafi ko tikitin da wani kanti a gari ya bayar. Kowane mako akan yi taro, a gayyaci mai wasan kwaikwayo, ko mai nuna dabbobin daji, ko 'yan kwana-kwana da motarsu.

Hujjar da aka fi kawowa domin shirin ita ce binciken Barbara Heyns da aka wallafa a shekarar 1978. Ta bibiyi ɗaliban aji 6 da 7 a makarantun gwamnati na Atlanta, ta gano cewa tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa tana ƙaruwa a lokacin hutu, kuma karatu shi ne aikin da ya fi alaƙa da ci gaban yaro a wannan lokaci. Masu bincike na baya sun yi saɓani a kan girman koma-bayan da hutu yake jawowa. Sun kuma lura cewa yaran da suke shiga shirin laburare sau da yawa dama masu son karatu ne, don haka yana da wuya a ware tasirin shirin shi kaɗai.

Tsara irin wannan shiri kowace shekara yana da nauyi ga ƙaramin laburare. A shekarar 1987 hukumomin laburare goma na yankunan jihar Minnesota suka haɗa kai domin su zaɓi jigo ɗaya su buga hotuna da littafin jagora tare. Haɗin gwiwar ya bunƙasa har ya game kusan duk ƙasar, shi ya sa akan ga jigo iri ɗaya a garuruwa masu nisa da juna a shekara ɗaya.

Hutu yana kuma nufin yankewar abincin da yara suke samu a makaranta. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da shirin ciyar da yara 'yan shekara 18 zuwa ƙasa kyauta a lokacin hutu a yankunan marasa ƙarfi, kuma ɗakunan karatu da yawa suna cikin wuraren da ake raba abincin.

Sauran shirye-shiryen yara da matasa

A shekarar 1999 aka fara wani shiri a laburaren Salt Lake City inda yaro yake karanta wa horarren kare littafi da ƙarfi. Dalilin shi ne yaron da yake jin kunyar yin kuskure a gaban malami ko abokai yakan saki jiki a gaban dabbar da ba za ta gyara masa ba. Shirin ya yaɗu zuwa ƙananan garuruwa. Wasu ɗakunan karatu suna yi wa yara rajista a shirin Imagination Library, wanda mawaƙiya Dolly Parton ta fara a gundumar Sevier ta jihar Tennessee a 1995, kuma yake aika wa yaro littafi ɗaya ta gidan waya kowane wata daga haihuwa zuwa shekara 5. Akwai kuma shirin da yake ƙarfafa iyaye su karanta wa yaro littafi 1,000 kafin ya shiga makaranta, inda maimaita littafi ɗaya ma yana shiga lissafi.

Bayan tashi daga makaranta, laburare yakan cika da yaran da iyayensu ba su dawo daga aiki ba. Akan taimaka musu da aikin gida, a yi wasan dara ko gine-gine da Lego. Ga matasa akan kafa ƙaramin kwamiti da zai ba da shawara kan littattafan da za a saya, wasunsu kuma su yi aikin sa-kai a shirin dogon hutu.

Hidima ga manya

Intanet da takardu

Dokar sadarwa ta 1996 ta samar da shirin E-Rate, wanda yake rage wa makarantu da ɗakunan karatu kuɗin intanet da kashi 20 zuwa 90 cikin 100, gwargwadon talaucin yanki. Daga 1997 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta raba kwamfutoci ga dubban ɗakunan karatu. A karkara, inda intanet mai sauri yake da tsada ko babu shi sam, mutane suna zuwa laburare domin neman aiki, neman tallafin gwamnati, buga takardu, ko ganawa da likita ta bidiyo. Wasu ɗakunan karatu suna barin Wi-Fi a kunne bayan an rufe, mutane su yi amfani da shi daga cikin motocinsu. Wasu kuma suna ba da aron ƙaramar na'urar intanet a tafi da ita gida.

Kafin 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun harajin tarayya, 'yan sa-kai da aka horar sukan zauna a laburare su taimaka wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi cike fom kyauta. Akan kuma shirya azuzuwan Ingilishi domin baƙi, da darussan jarrabawar zama ɗan ƙasa, da na jarrabawar GED, wadda take zama madadin takardar sakandare ga wanda bai kammala ba.

Aro da haɗin gwiwa

Ƙaramin laburare ba zai iya mallakar littattafai masu yawa ba, don haka yakan shiga haɗaka da maƙwabtansa. Mai kati ya nemi littafin da ke wani gari, cikin 'yan kwanaki a kawo masa. Ta irin wannan haɗaka ake samun littattafan lantarki da na saurare a manhajoji kamar Libby. Tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya fita akan kai musu littattafai gida, ciki har da masu manyan haruffa.

Abin aro bai tsaya ga littafi ba. Akwai masu ba da aron kayan aikin hannu, keken ɗinki, sandar kamun kifi ko kwanon gasa kek. A shekarar 2004 aka fara ba da irin shuka a laburaren Gardiner, wani ƙaramin gari a jihar New York: mutum ya karɓi iri ya shuka, bayan girbi ya dawo da wani kaso. A wajen shekarar 2011 laburaren Fayetteville, shi ma a jihar New York, ya buɗe ɗakin ƙere-ƙere mai firintar da take ƙera abubuwa da roba, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin na farko a ɗakunan karatun jama'a na ƙasar.

Taro da tarihin gari

Ɗakin taron laburare wuri ne na ƙungiyar masu karanta littafi ɗaya su tattauna a kansa, da masu saƙa, da masu lambu, da muhawarar 'yan takarar kujerun gari. A lokacin tsananin zafi ko sanyi, ko idan wuta ta ɗauke bayan guguwa, wasu garuruwa suna buɗe laburare domin mutane su fake su yi cajin waya. Sau da yawa kuma shi ne ma'ajiyar tarihin gari, inda ake adana tsofaffin jaridu, hotuna, taswirori da bayanan maƙabartu, waɗanda masu binciken asalin zuri'arsu suke zuwa nema.

Ƙa'idojin aiki

Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka, wadda aka kafa a 1876, ta amince da takardar haƙƙoƙin mai amfani da laburare a 1939. A 1967 aka ƙara cewa ba za a hana mutum amfani da laburare saboda shekarunsa ba. Matsayin ƙungiyar shi ne iyaye ne suke da ikon sa ido kan abin da 'ya'yansu suke karantawa, amma ikonsu bai kai ga 'ya'yan wasu ba. Jihohi 48 suna da dokar da ta hana bayyana abin da mutum ya ara, abin da yake da muhimmanci a garin da kowa ya san kowa. Wata dokar tarayya ta shekarar 2000 ta wajabta wa laburaren da yake karɓar rangwamen intanet ya sa manhajar tace hotunan batsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2003. A 2019 ƙungiyar ta yi kira da a daina cin tara kan littafin da aka makara dawowa da shi, domin tarar ta fi hana 'ya'yan talakawa aro. Ɗakunan karatu da yawa sun soke ta, musamman a kan littattafan yara.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Garin da mutanensa suke raguwa harajinsa ma raguwa yake yi, sai a rage sa'o'in buɗewa. Tsofaffin gine-gine, musamman na Carnegie masu dogon matakala a ƙofa, suna bukatar gyara kafin mai keken guragu ya iya shiga. Albashi kaɗan ne, ma'aikata ba sa daɗewa.

Gundumar Douglas a jihar Oregon ta daɗe tana dogara ga kuɗin katako daga dazuzzukan gwamnatin tarayya. Da kuɗin suka ragu, aka nemi mutane su amince da sabon haraji domin laburare a watan Nuwamba na 2016, suka ƙi. A shekarar 2017 aka rufe duk rassa 11 na gundumar. Daga baya wasu garuruwa suka sake buɗe nasu da 'yan sa-kai, wasu suka kafa ƙananan hukumomin haraji na kansu, birnin Roseburg kuma ya karɓi babban reshen.

Taƙaddama a kan abin da ya dace yara su karanta ita ma tana taɓa kasafin kuɗi. A watan Agusta na 2022 masu ƙuri'a a Jamestown, jihar Michigan, suka ƙi sabunta harajin da yake samar da mafi yawan kuɗin laburaren Patmos, saboda wasu littattafai da suka shafi jima'i da masu neman jinsi ɗaya. Masu adawa sun ce bai kamata kuɗin harajinsu su sayi irin waɗannan littattafai a wurin da yara suke shiga ba, masu goyon baya kuma suka ce laburare na dukan iyalan gari ne. Gudummawar jama'a ce ta riƙe laburaren, ciki har da dala 50,000 daga marubuciya Nora Roberts, har zuwa Nuwamba na 2023 da aka amince da harajin a ƙuri'a ta uku.

A watan Maris na 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rage ayyukan hukumar IMLS zuwa mafi ƙarancin abin da doka ta tanada. Jihohi da dama suka shigar da ƙara a kotu, suna cewa yanke tallafin zai shafi ayyukan da ƙananan ɗakunan karatu suka dogara da su, kamar jigilar littattafai tsakanin garuruwa da shirin karatun dogon hutu.